Yadda Ake Fentin Ɗan Lifidin Katsinar Maradi Mai Tsawon Ɗan Yatsa

Doki da mahayinsa duka ba su fi tsawon ɗan yatsa ba, amma sai su cinye maka mako guda cur. Aikin hannu ne da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka da Japan: kamfani ya zuba ƴan ƙananan sojoji na roba ko na ƙarfe, mutum ya saya ya yi musu fenti daidai da kayan da sojan wancan zamani ya sa. Su can sojojin Napoleon suka fi yi, da na Rumawa, da na yaƙin duniya. Ni da na fara sai na ga babu dalilin da zai kai ni yaƙin Turawa alhali ga Gawakuke a tarihinmu, inda a 1836 Sarkin Katsina Rauda na Maradi da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama a karonsu da rundunar Muhammadu Bello. Don haka ɗan lifidi za mu yi, irin wanda ya hau a bayan Kaura, shugaban mayaƙan Maradi, tsakanin zamanin Sarki Ɗan Kasawa da na Sarki Ɗan Baskore.

Na san akwai maganar malamai a kan sura da mutum-mutumi. Wannan ba fagena ba ne, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya sa hannu.

Kayan aiki

Girman sojojin iri-iri ne. Ma'aunin 1/72, wato an rage girman mutum sau 72, yana ba da mutum mai tsawon kusan milimita 24, shi ne mai araha, kamfanoni irin su Italeri da Zvezda da Airfix suna zuba su da yawa a kwali. Akwai na milimita 28, akwai na milimita 54. Ga mai koyo na 28 ya fi: bai yi ƙanƙantar da zai ɓata ido ba, bai kuma yi girman da kowane kuskure zai fito fili ba.

Ɗan lifidin Maradi dai ba za ka same shi a kwali an rubuta sunansa ba. Dabara ita ce ka nemi wanda ya fi kusa. Perry Miniatures na Ingila suna yin mayaƙan Mahadi na Sudan a milimita 28, masu manyan riguna da rawani da miƙaƙƙen takobi da mashi mai faɗi, kuma da ɗan gyara suna komawa namu. Sai a yi oda ta intanet, ko a ba wani mai zuwa daga waje sallahu. Kafin su iso, sayi sojojin roba na wasan yara a babbar kasuwa ka koyi riƙe buroshi a kansu.

Fenti kuwa akirilik za ka nema, wanda ake tsinkawa da ruwa. Vallejo da Citadel da Tamiya su ne sanannu, amma na bututu da masu zane ke saya a kantin kayan makaranta shi ma yana aiki in an tsinka shi da kyau. Kala bakwai sun isa: fari, baƙi, ja, rawaya, shuɗi, ruwan ƙasa, da ruwan ƙarfe. Fentin ruwa na ƴan lakwal ba ya yi, da ya ji danshi sai ya narke. Fentin mai na ƙofa da taga kuwa kada ma ka kusance shi. Ni na taɓa shafa shi a kan sojojin roba mai laushi, aka yi wata biyu suna danƙo, duk ƙurar hunturun shekarar ta taru a jikinsu har suka koma kamar an tono su daga rami.

Buroshi biyu masu tsini, lamba 0 da lamba 1 ko 2, sai tsoho guda da ya baje don aikin wahala. Abin dubawa a buroshi tsininsa ne, ba ƙanƙantarsa ba. Ƙaramin buroshi ƙwarai fenti ke bushewa a bakinsa kafin ya kai jikin soja, balle a zafinmu. Sai reza ko ƴar wuƙa mai kaifi, ƙaramin magagari, gam mai kamawa nan take, farin gam na kafinta, da ƙullun nan mai haɗi biyu da masu gyaran babur da famfo ke liƙe tsaga da shi.

Je ka duba da idonka tukuna

Nan ne yawancin masu wannan aiki suke faɗuwa, kuma nan ne mu muka fi na waje sa'a. Bature sai ya nemi hoto a littafi, mu kuwa ranar hawan salla dawaki da sirdi da jalala da likkafa suna wucewa ta gabanmu a ƙofar fada, haka ma in ka leƙa Tsibirin Gobir. Ka ɗauki hotuna da waya: yadda lifidi ke sauka a ƙirjin doki, inda majayi ke ratsawa, yadda hamila ke rataye takobi a kafaɗa, yadda amawali ke rufe baki.

Sai dai in ka dawo gida ka yi tankaɗe. Hawan yau cike yake da yadin kanti mai ƙyalli, da zaren roba, da tabarau. Rinin kamfani na farko sai a 1856 aka gano shi a Ingila, ya kuma ɗauki lokaci kafin irinsa ya cika kasuwanninmu. Mahayin zamanin Rauda saƙar hannu ya sa, fari ko saƙi, da baƙin rini na baba, da jan mulufi da alharini da fatake ke ƙetaro Sahara da su, su ma sai mai hali. Duk kalar da ta yi kama da ta bokitin roba, cire ta.

Na koyi wannan a rumfar wani dattijon baduku. Na kai masa dokina na farko ina jin na yi abin kirki, ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ɗana, wanga ja naka na roba ne, ba na hwata ba." Na ce, "To Baba, yaya na fata yake?" Sai ya jawo wata tsohuwar jaka ya aje mini. Fatar jar akuyar Maradi da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, janta yana da duhu, yana karkata zuwa ruwan goro, in ta tsufa kuma gefunan da hannu ke taɓawa su yi baƙi-baƙi. Rawayar dukawa ta gangamau ce, baƙinsu na kuloko. Tun ranar nake haɗa kalata a gaban tsohuwar fata, ba a gaban allon waya ba.

Gyara da ɗinkin lifidi

Wanke sojan da ruwa da sabulu da tsohon buroshin haƙori, saboda akwai maiƙon da ake shafa wa mazubi wanda ke hana fenti kamawa. In ya bushe, duba jikinsa a haske za ka ga wani siririn layi ya zagaye shi, wurin da ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Kankare shi da bayan reza a hankali. Kowa yana ƙyuyar wannan aiki, amma layin da ka bari, fenti ba ya ɓoye shi, ƙara fito da shi yake yi. In sojan na ƙarfe ne, musamman tsofaffi masu dalma a ciki, ka wanke hannu kafin cin abinci, kada kuma ka bar yara su sa a baki. In na rezin ne, wato wata irin roba mai tauri, jiƙa shi kafin ka goga don kada ka shaƙi garinsa.

Kada ka manna mahayi a kan doki yanzu. Kowanne ka kafa shi daban a kan murfin kwalba da ɗigon gam, murfin ne abin riƙonka har a gama. Yatsa yana da gumi da maiƙo.

Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, sau da yawa ta rimi, a ɗinke ta layi-layi don kibiya ta maƙale kafin ta kai nama. Doki yana da nasa, mahayi yana da nasa. Ga yadda nake yi: in murɗa ƙullun mai haɗi biyu har kalarsa ta zama ɗaya, in shimfiɗa shi tsakanin leda biyu da aka shafa wa ruwa, in murza da kwalba har ya yi kaurin farce. In yanka shi gida biyu, na gaba da zai rufe ƙirji da wuya, na baya da zai rufe kuturi, in ɗora, in danna da jiƙaƙƙen yatsa. Daga nan in ɗauki bayan reza a jiƙe in ja layukan ɗinki, a tsaye ko a gicciye. Ka yi sauri, don zafi yana gaggauta daskarewarsa. Abin da ake cewa yana ba da awa guda a ƙasar sanyi, a Maradi cikin Afrilu kada ka dogara da rabin haka. Kwaɓa kaɗan-kaɗan. Wanda bai samu ƙullun ba, takardar goge hannu ninki biyu da aka jiƙa da farin gam tana yin lifidi mai kyau, har ma ta fi saukowa kamar tufa.

Kwalkwali ɗan dunƙule ne a ka, gashin jimina kuma zaren auduga da aka tsefe. Mashin roba yakan lanƙwashe, ni nakan yanke shi in sa wayar ƙarfe da na buga bakinta da guduma ta yi faɗi. A bar komai ya kwana.

Shafen farko

Fenti ba ya zama a kan tsurar roba ko ƙarfe, sai an yi masa shimfiɗa. Akwai na fesawa a gwangwani, akwai na buroshi. Toka-toka na fi so: baƙi yana shanye ja da rawayar lifidi, fari kuma yana tona duk lungun da buroshi bai kai ba.

In fesawa za ka yi, girgiza gwangwani minti biyu, ka tsaya nesa da tazarar santimita 20 zuwa 30, ka riƙa wucewa fit-fit, kada ka tsaya wuri guda. Lokaci shi ne komai. Da rana tsaka a bazara, zafi ya haura digiri 40, fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin soja ya yi tsakuwa-tsakuwa kamar an barbaɗa masa gari. Ranar da buji ya taso kuwa ba sai an faɗa ba. Bayan sallar asuba, iska ba ta tashi ba, shi ne lokacin. Da ka gama ka kife roba a kansa, ka bar shi yini da kwana. Na gwangwanin masu fentin mota yana yi a kan ƙarfe, amma a kan roba gwada a ƙarƙashin gindin da sojan ke tsaye a kai tukuna.

Tsinka fenti

In za ka riƙe abu guda daga wannan jagora, to wannan ne. Fentin da ya fito daga kwalba kindirmo ne, kai kuwa tsala kake so, nonon da aka tsinka har yana gudu a ludayi. Shafe biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, domin mai kauri yana cike idon sulke da layin ɗinki, duk wahalar da ka sha da reza ta tafi a banza. Shafen farko zai fito da dabbare-dabbare, ranka ya ɓaci. Ƙyale shi ya bushe, na biyu zai gyara.

Matsalarmu a nan ita ce ɗigon akirilik a kan faranti ba ya minti biyar cikin hunturu. Maganinta jiƙaƙƙen faranti: samo robar abinci mai murfi, shimfiɗa takardar goge hannu ninki huɗu, zuba ruwa har ta sha ba ta yi iyo ba, ka ɗora takardar gashi irin wadda masu kek ke shimfiɗawa a tire. A kanta za ka ɗiga fenti. Danshi yana ratsowa daga ƙasa, fentin ya yini bai mutu ba. Ka kashe fanka in tana hura teburin, gara ka yi gumi. Buroshi kuma bakinsa kawai ake tsomawa. Fenti ya shiga gindin gashi ya bushe, tsini ya tafi ke nan.

Daga ciki zuwa waje

Ana bin soja yadda yake sa kaya: fata, riga, abin da ke kan riga, sannan ƙarfe.

Fatar mutum: ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja a ciki. Wurin haske, wato hanci da kunci da gaɓoɓin yatsu, ƙara ja da rawaya kaɗan. Kada ka haskaka baƙar fata da fari, sai ta yi furu-furu kamar wanda bai shafa mai ba da sanyi. Ido kuwa a wannan girman ni ba na yin sa. Siririn layi mai duhu ya wadatar, musamman da yake rawani da amawali sun rufe rabin fuska. Duk wanda ya nace sai ya ɗiga fari da baƙi, jarumin nasa yakan fito kamar wanda ya ga kura.

Doki: ka fara yanke shawara, kili ne, akawali ne, gunya ne ko hurde. Lifidi zai rufe yawancinsa, ƙafafu da kai da wutsiya kawai za a gani. Akawali ba baƙi ƙirin ake shafa masa ba, a sa ɗan ruwan ƙasa a ciki, a haskaka da toka mai duhu. Kili a faro shi daga toka, baki da kewayen ido da gwiwoyi su fi duhu.

Farar riga: fara da kalar ƙasa mai haske, kamar ta gero, ka hau da fari mai ɗan rawaya, ka bar duhun a cikin ninki. Fari tas sai a kan kafaɗa da bakin ninki kawai. Mutumin da ya kwana uku a kan sirdi ba ya fitowa kamar ango.

Baƙin rini shi ne abin da na fi jin daɗi, shi ne kuma ya fi wuya. Rawanin da aka rina da baba aka kai wa mabuga ba shuɗi ba ne, ba kuma baƙi ba ne. Duhu ne mai walƙiya da ke juyawa zuwa jaja-jaja in rana ta doke shi. Haɗa baƙi da shuɗi, shuɗin ya ɗan rinjaya, ka shafe duka. Sai ka ƙara ɗigon ja a haɗin, ka bi saman ninki da shi. Can ƙololuwa ka sa ɗan abin da ya fi haske, siriri kamar gashi. Ƙyallin bugu kuwa sai a ƙarshe za mu ba shi. Wata ƴar dabara: shuni yana zuba, kowa ya san yadda yake kama goshi da wuyan riga. Tsinka shuɗin ya zama ruwa-ruwa ka taɓa wuyan farar rigar da shi. Wanda ya san abin, yana gani zai yi murmushi.

Lifidi: ana haɗa shi da ƙyallaye kala-kala, ja da rawaya da fari da baƙi, murabba'i ko mai kusurwa uku. Zana gidajen da fensir a kan shafen farko. Fara da rawaya da fari, sannan ja, baƙi a ƙarshe, don mai duhu yana rufe kuskuren mai haske amma mai haske ba ya rufe na mai duhu. Rawaya tana da taurin kai, sai ka shimfiɗa mata ruwan ƙasa mai haske a ƙasa kafin ta fito. Kada ka yi gidaje ƙanana da yawa; shida ko takwas a kowane gefe sun fi kyau a ido.

Linzami da kube da layu da sirdi: jan nan na Baba baduku, wato ja da ruwan ƙasa kusan daidai, gefuna a haskaka da ɗan rawaya. Garkuwa fatar dabba ce da ba a rina ba, fari-fari mai datti.

Sulke da bakin mashi da likkafa: shafe su baƙi. Ɗauko tsohon buroshin nan, tsoma a ruwan ƙarfe ba tare da ruwa ba, goge shi a tsumma har ka ga kamar babu saura, sannan ka riƙa shafawa sama-sama. Ƙarfen zai kama tudu ya bar kwari da duhu, idon sulke ya fito ɗaya-ɗaya. Kofin wanke buroshin ƙarfe daban ne, in ba haka ba farar rigarka ta gaba za ta riƙa ƙyalƙyali.

Ruwan inuwa

Ɗigo ɗaya na ruwan ƙasa mai duhu, ruwa kamar ɗigo takwas, da ɗan taɓin sabulun wanke kwano a bakin tsinke don ya gangara cikin lungu. Bi layukan ɗinkin lifidi da shi, da tsakanin yatsu, da inda sirdi ya haɗu da jalala, da gashin wutsiya. Kada ka yi wa farar riga wanka da shi, lungu kawai. In ya taru ya yi tafki, tsotse shi da busasshen buroshi kafin ya bushe ya bar zobe. Bayan ya bushe ka koma da kalar asali ka ɗan tayar da tsakiyar kowane gida na lifidi, sai ya yi kamar an cusa masa auduga da gaske. Yanzu ne za ka kankare ɗan fenti a sirdi da cinyar mahayi ka manna su, gam yana son tsurar jiki.

Ƙasar da zai taka

Shafa farin gam a gindin, barbaɗa yashin gulbi da ka tankaɗe da rariya. Manyan ƙwayoyi a wannan girman duwatsu ne. In ya bushe yi masa fenti, ko da yake yashi ne na gaske, don wanda ba a shafa ba yana fitowa kamar baƙo kusa da sojan da aka yi wa fenti. Ka tuna tsohon garin Maradi a cikin kwarin gulbi yake, sai bayan ambaliyar 1945 aka hau tudu. In mahayinka daga gida yake fita, ƙasar fadama ce mai duhu. In ya yi nisa cikin jigawa, ja-ja ce mai haske. Busasshiyar ciyawa kuwa, igiyar rama da aka yayyanka ta isa. Abin da ya rage a buroshi na kalar ƙasar, goga shi a kofato da gefen lifidi na ƙasa.

Wanda ya gaji da dawaki yana iya gwada sojan tirayer, rundunar da Faransa ta kafa a Senegal a 1857, wadda kakannin wasunmu suka shiga. Kakinsa na yaƙin duniya na 2 da jar hula da jar ɗamara aikin yamma ɗaya ne, hanyar kuma duk ɗaya ce.

Rufewa da ajiya

Ruwan kariya, wanda kafintoci ke kira barni, iri biyu za ka nema na akirilik: marar ƙyalli da mai ƙyalli. Marar ƙyalli ya bi jiki duka, shafe ɗaya marar kauri. In ya bushe, ɗauki mai ƙyalli ka taɓa rawanin shuni kawai, da bakin mashi, da idon doki. Bugun nan da muka bari, ga shi ya fito. A kiyayi fesa marar ƙyalli cikin Agusta in hadari ya haɗu. Danshi yana sa shi ya yi fari kamar an watsa toka. In hakan ta faru, shafe ɗaya na mai ƙyalli yakan mayar da shi, sai a sake marar ƙyallin ranar da gari ya bushe. In kuwa aikin duka ya lalace, a jiƙa sojan a alkol mai ƙarfi irin na isofurofil, a goge da buroshin haƙori, a koma shafen farko.

Wanke buroshi da sabulun wanka, murza bakinsa ya koma tsini, ka aje shi a kwance. Sojan kuma kada ka bar shi a kan tebur ko kusa da taga: rana tana cin ja, zafin kwano yana lanƙwasa roba, ƙura kuma tana shiga layin ɗinki ta ƙi fita. Kwalba mai faɗin baki da aka kife a kansa ta wadatar, ko robar abinci mai haske da aka liƙe gindinsa a cikinta da ɗan ƙullu. Sau ɗaya a wata ka buɗe ka kaɗe shi da buroshi mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba.